Gwada manhaja a kan takarda kafin a gina ta: zai yi aiki da 'yan kasuwar Mile 12?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum. Ni da abokan aikina biyu muna shirin gina ƙaramar manhajar waya wadda dillalan kayan gwari na kasuwar Mile 12 da ke Legas za su riƙa rubuta bashi a cikinta, wato wane ne ya ɗauki kwando nawa na tumatir ko buhu nawa na albasa, nawa ya biya, nawa ya rage. Wani da ya riga mu shiga sana'ar ya ba mu shawarar mu fara zana kowane shafi na manhajar da fensir a takarda, mu kai wa 'yan kasuwar su gwada. Damuwata ita ce, dattijon da ke juya maƙudan kuɗi kullum zai ɗauke mu da daraja kuwa idan muka shimfiɗa masa takardu muka ce ya danna da yatsa? Tunda da Figma, manhajar zana shafukan manhaja a kwamfuta, za mu iya fitar da abu mai kyan gani cikin ɗan lokaci, me takarda za ta nuna mana wanda ita ba za ta nuna ba? Kuma mutum nawa ya kamata mu gwada da su?

Malama Binta, Yaba:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kyan ganin nan da kake so, shi ne zai rufe muku ido. Ka san mutanenmu da kara: idan ka miƙa wa Alhaji waya da abu mai launi wanda ya ga alamar an sha wahala a kansa, zai ce "Madalla, Allah ya sa albarka" ko da bai gane komai ba, don ba ya son ya kashe wa yara gwiwa. Amma idan zanen fensir ne, ba zai ji nauyin karɓar biro ya soke wani wuri ya ce ba haka ake yi ba. Ku ma masu zanen, abin da kuka yi cikin minti goma ba zai yi muku wuyar yagawa ba.

Ku yanka kwali daidai girman wayar da suke riƙewa, ku zana kowane shafi a takarda daban, ku je ku uku. Ɗaya ne zai yi magana da mai gwajin, na biyu zai zama shi ne wayar, wato duk inda aka taɓa sai ya ɗora shafin da ya kamata ya fito ba tare da ya ce uffan ba, na uku kuma aikinsa kallo da rubutu. Kada ku tambaye shi ko abin ya yi masa kyau. Ku ba shi aiki irin nasa, misali ku ce wata mai abinci ta ɗauki kwando uku ta biya kuɗin biyu, ya shigar da wannan, yana yi yana faɗin abin da ke ransa. Inda yatsansa ya tsaya yana shawagi, nan gyaranku yake. Wuri mafi wuya shi ne haƙurin yin shiru, domin da zarar kun ce "a nan ake dannawa" kun ɓata gwajin, kuma ranar da manhajar ta fita ba kwa tare da shi. Tun farko ku gaya masa cewa zanenku ake jarrabawa, ba iliminsa ba.

Wannan dabara ba ta masu ƙaramin ƙarfi ba ce kaɗai. Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro ƙaramar kwamfutar aljihu ta Palm Pilot, kafin samfurinta na farko ya fito a 1996, guntun katako ya sassaƙa daidai girmanta ya riƙa yawo da shi a aljihu yana yi kamar yana duba jadawalinsa, don ya ga ko abin zai shiga rayuwar mutum.

Injiniya Sani, Idi-Araba:

Na yarda da Malama, amma kada a ɗora wa takarda abin da ba za ta iya ɗauka ba. Tana nuna ko mutum ya gane kalmomin da kuka zaɓa, da ko jerin matakan ya dace da yadda yake tunani. Ba ta nuna jinkirin sabis, ba ta nuna yadda hasken rana ke dusashe fuskar waya, ba ta nuna wahalar buga lambobi da hannun da ya gama taɓa tumatir a kan ƙaramar Itel ko Tecno. Waɗannan sai an kai ga gwaji da waya ta gaske, kuma nan ne Figma za ta yi muku rana.

Batun adadi kuwa, Jakob Nielsen, masanin gwajin sauƙin amfani da manhaja, ya bayyana a shekarar 2000, bisa binciken da suka yi da Thomas Landauer a 1993, cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje uku ana gyara a tsakaninsu da a tara mutum goma sha biyar a zama ɗaya. Sai dai lissafin ya tsaya ne a kan masu amfani iri ɗaya, wasu masana ma suna ganin biyar ta yi kaɗan.

Abban Khalifa, Ketu:

Ni ba masanin kwamfuta ba ne, amma a wannan kasuwa nake neman abinci, saboda haka bari in ƙara a kan maganar Injiniya. A rumfuna da yawa ba maigida ne ke riƙe littafin bashi ba, yaronsa ne, maigida sai dai a karanta masa da yamma. Idan kuka gwada da iyayen gida kaɗai, kun bar wanda zai riƙa danna wayar. Akwai kuma waɗanda ajami ya fi musu sauƙi a kan boko, ga masu sayen da yawansu Yarbawa ne da Ibo, sunayensu ma da laƙabi ake rubuta su. Ku roƙi a nuna muku littafin da ake amfani da shi yanzu kafin ku zana komai, amma kada ku kwafi sunan kowa ko bashinsa cikin takardunku, wannan amana ce. Kada ku zo da safe lokacin da ake sauke motoci, ba wanda zai kalle ku. Ku bi ta hannun shugabannin sashen, ku zo bayan azahar.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, idan mutum na farko ya maƙale a wani shafi, mu gyara nan take ko mu bari sauran su gwada shi yadda yake?

Malama Binta, Yaba:

Idan kuskuren a fili yake, kamar kalmar da ba a amfani da ita a kasuwa, ku sake zanawa kafin na biyu ya zauna, shi ya sa za ku tafi da fararen takardu da almakashi da gam. Idan kuwa ba ku tabbatar da dalilin maƙalewar ba, ku bar shafin har mutum biyu ko uku su bi ta kansa, sannan ku ware sakamakon yaran rumfa daban da na iyayen gidansu.