"Laifi tudu ne": ina iyakarsa idan maganar lafiya ce?

Malamin Hausa, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Karin maganar wannan makon shi ne "Laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani." Wanda ya hau tudu yana hangen nesa, amma ba ya ganin abin da ƙafarsa ta taka. Idan aka ce wa mai ciwon sukari "bakinka ne ya ja maka", daidai ne ya kare kansa da wannan magana, ko kuwa toshe bakin mai nasiha ne?

Dattijo, Sabon Zango:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai na ga ana fakewa da ita. Ai an ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mutum ya zuba sukari cokali huɗu a koko, da rana lemon kwalba, da dare shayi da madarar gwangwani mai zaƙi. In ka zuba masa ido, ba ƙaunarsa kake ba.

Ma'aikaciyar jinya, Asawase:
Baba, a yi mini afuwa, nasiha daban, gori daban. Ciwon sukari iri biyu ne manya. Na farko jiki ne ya daina yin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yara ma na kamuwa, ba ruwansa da kwaɗayi. Na biyu akwai gado a ciki, da shekaru, da ƙiba, da rashin motsa jiki, kuma siriri ma bai tsira ba.

Abin da gori ke haifarwa shi ne ɓoyo. Mutum ya daina zuwa awo, ya ƙi haɗiyar magani a gidan suna don kada a gani. Sukari in ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin ƙafa. Ƙusa ta soke shi bai ji ba, miki ya ruɓe a cikin takalmi, sai an kai asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi ana maganar yanke yatsa. Mai son taimako ya raka shi awo da safe, bayan awa 8 bai ci komai ba. In awon sukarin ya kai 7.0 ko ya wuce, a sake wata rana don a tabbatar. Ya tuna masa duba tafin ƙafa kullum, da goge tsakanin yatsu bayan alwala, da zazzage takalmi kafin sawa.

Mai kantin magani, Kejetia:
Na ƙara a kan maganar Hajiya. Bakin mutanen Zango bai bar mai ƙiba ba, bai bar ramamme ba. Mace ta rame, sai a ce miji ba ya ciyar da ita, ko a fara raɗar ƙanjamau. Kunya ta sa ta nemi ƙwayar ƙiba irin su dexamethasone. Fuska ta cika, mutane su ce ta yi kyau, alhali sukari da jini hawa suke, ƙashi na yin rauni. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, akwai haɗari. Likita ne zai rage mata sannu a hankali. Kuma rama tare da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, sukari ake fara aunawa.

Dattijo, Sabon Zango:
Wannan na karɓa. Amma kada a ce mutum ba shi da hannu a lafiyarsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malamin Hausa, Aboabo:
Baba, ai karin maganar bai ce babu tudu ba. Cewa ya yi kowa na tsaye kan nasa. Hawan jini yakan zauna shekaru ba alama, mai yi wa wani gorin tumbi wataƙila bai taɓa auna nasa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Asawase:
Haka ne, Malam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da na dunƙulen Maggi da shito (soyayyen yajin Ghana) da kifin gishiri. Wanda zai auna hawan jini ya zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. In ya ga 140/90 ko sama a ranaku biyu daban, ya ɗauki katin inshorarsa ya tafi asibiti.