Fim ɗin barkwanci kan masoyan besbol: me ya sa rabin ƴan kallo ba sa dariya?

Mai gidan kallo, Sabon Gari:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai fim ɗin Amurka na 2005 mai suna Fever Pitch, wanda Jimmy Fallon da Drew Barrymore suka fito a ciki. Labarin wani malamin lissafi ne da son ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox ya kusa raba shi da budurwarsa. Nan Damagaram ra'ayin waɗanda suka kalla ya rabu biyu. Wasu na cewa sun sha dariya, wasu na cewa soyayya ce da dogon surutu, ba su ga abin dariya ba. Laifin fim ɗin ne ko rashin sanin wasan? In za a sa shi a gidan kallo ranar da babu ƙwallon Turai, me ya kamata a bayyana wa mutane kafin a kunna?

Malamin wasanni, Birni:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ɓata lokaci wajen koya musu dokoki duka, ba za su riƙe ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yawan wasannin. Kowace ƙungiya a babbar gasar besbol ta Amurka tana buga wasa 162 a shekara, daga wajen farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Rabi, wato 81, a gida ake yin su, kuma a wancan lokacin wasa ɗaya kan ci kimanin awa uku. Mai kallon gasar Ingila ya saba da wasa 38 a shekara, shi ya sa yake ganin yarinyar ta cika ƙorafi. In ya san cewa saurayin yana da kujera a duk wasannin gida 81, kuma ba ya yarda ya rasa ko ɗaya, sai ya gane dalilin rigimar. Haka kuma sun haɗu ne lokacin sanyi, sa'ad da ba a wasa, don haka mutumin kirki mai natsuwa ta fara sani. Da Afrilu ta kama sai ya zama wani daban. Rabin barkwancin a kan wannan aka gina shi.

Na dokoki, wannan ya isa: kowane ɓangare mutum tara ne. Mai jifa yana wurga ƙwallo daga nisan kusan mita 18, mai sanda yana ƙoƙarin dukanta. In ya daka sai ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu, tsakanin kowace biyu kusan mita 27, in ya dawo inda ya tashi an ci maki ɗaya. In an fitar da mutum uku sai a yi canji, masu duka su koma tsaro. Zagaye tara ake yi, ba agogo ke tashin wasa ba, saboda haka ko an ba ka ratar maki bakwai a zagayen ƙarshe kana iya ramawa. Ka kuma gaya musu ƙwallon tana da tauri, kuma takan faɗa cikin ƴan kallo, wanda ya cafke ta zama tasa. Ba tare da wannan ba, wurin da ƙwallo ta buge yarinyar a ka tana aiki da kwamfutarta, shi kuwa yana murna da wanda ya tsinci ƙwallon, ba zai yi ma'ana ba.

Ɗalibin tarihi, Zango:

Malam ya yi daidai, amma ya bar babban abu, wato tarihin ƙungiyar. Red Sox ta ci kofi a 1918. A ƙarshen 1919 ta sayar da gwarzon ɗan wasanta Babe Ruth ga ƙungiyar New York Yankees. Daga nan Yankees ta ci kofi 26 zuwa shekarar 2000, Boston kuwa ko ɗaya, har magoya baya suka riƙa cewa baki ne ya kama su. Kuma ba wai ba sa kaiwa kusa ba ne, suna kaiwa sai abin ya kuɓuce. A 1986 saura kaɗan su ɗauki kofi a hannun New York Mets, aka rama musu, sannan ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafun ɗan wasan Boston Bill Buckner. Wannan kaset ɗin ne saurayin yake ta maimaitawa a ɗaki bayan sun ɓata da yarinyar. Ba'amurke na ganin hoton zai fashe da dariya, mu kuwa sai an faɗa mana.

Sai 2004. A wasan kusa da ƙarshe, inda wanda ya fara cin huɗu cikin bakwai ke wucewa, Yankees ta ci ukun farko, na ukun ma 19 da 8. Ba a taɓa samun ƙungiyar da ta farfaɗo daga nan ba a tarihin gasar. Boston ta ci huɗu a jere, ta je ta doke St. Louis Cardinals huɗu babu ko ɗaya, ta ɗauki kofi ranar 27 ga Oktoba, bayan shekara 86. Ana cikin ɗaukar fim ɗin hakan ta faru, dole aka sake rubuta ƙarshensa. Duk wanda ya taɓa zama bakin rediyo yana jiran Takobin kokowa ya zo Damagaram zai fahimci irin wannan jira in an ba shi labarin.

Malamar wasan kwaikwayo, Garin Malam:

Ni ban yarda a ɗora komai kan rashin sanin wasa ba. Waɗanda suka ce soyayya ce da surutu suna da gaskiyarsu. Fim ɗin ya fi ƙarfi a tsakiya, wajen da ya ƙi bin ta Paris don kada ya rasa wasanni, da wajen da ya je biki da ita ya ji daɗi, sannan ya ji labarin Boston ta yi ramuwar ban mamaki ba ya nan, ya huce a kanta. Wannan ya taɓa zuciya, domin haka masu irin wannan son suke. Amma ƙarshen an yi shi a gaggauce. Nasarar ƙungiya ta rufe tambayar da fim ɗin ya ɗauko, ko mutumin zai gyaru. Mata da yawa a nan suke tsayawa, kuma ina ganin ƙorafinsu daidai ne.

Abu na biyu shi ne harshe. Barkwancin na baki ne, ba na faɗuwa da guje-guje ba. In kwafin na Faransanci ne, sunayen ƴan wasa da habaicin da ake wa Yankees duk sukan wuce ba a ji ba. In kuma rubutu ne a ƙasan hoto, na bayan benci ba sa iya karantawa da sauri, dariya sai ta zo a makare ko ta ƙi zuwa.

Shawarata, yaya, ka nemi na asalin. Littafin Nick Hornby ne na 1992 a kan son Arsenal, aka yi fim ɗinsa a Ingila a 1997, Colin Firth ya fito. Shi a kan gasar 1989 yake, ranar da Arsenal ke bukatar cin Liverpool da ratar ƙwallo biyu a Anfield, Michael Thomas ya jefa ta biyun a mintin ƙarshe, bayan shekara 18 ba kofin lig. Masu kallonka ba sa bukatar bayani a kan wannan.

Mai gyaran na'urorin sauti, Tudun Jamus:

In dai na besbol ɗin za ka sa, ka kalle shi kai kaɗai tukuna. Akwai wuraren saurayi da budurwa da ba su dace da yara ba, ka san mintinsu don ka tsallake, ko ka sa shi da dare ga manya kawai. Bayanin kada ya wuce minti biyar, kuma a yi shi kafin a kunna. Tsayar da fim a tsakiya don bayani yana kashe dariya. Ka rubuta abu uku a allo kusa da tele: wasa 162, shekara 86, Yankees abokan gaba. Sauti kuma ka rage ƙarar ganga ka ɗaga na murya, domin ihun filin wasa na danne magana a ƙananan lasifika. In da janareta kake aiki, ka nisanta shi da ɗakin, in ba haka ba na baya ba za su ji hirar ba.