Maikurosimuleshan: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ku taimaka. Ina fassara wani rubutu kan fansho, na ci karo da kalmar maikurosimuleshan, tun jiya ta hana ni gaba.

Ga abin da take nufi. Ana ɗibar bayanan mutane dubbai daga ƙidaya ko rajistar gwamnati, a zuba a kwamfuta, kowa da shekarunsa da aikinsa da albashinsa. Sai a riƙa tura su gaba shekara-shekara. Duk shekara kwamfuta na jefa wa kowa ƙuri'a gwargwadon abin da alƙaluma suka nuna: wannan ya yi aure, waccan ta haihu, wani ya rasa aiki, wani ya yi ritaya, wani ya rasu. In an kai shekara hamsin sai a tara a gani, nawa ya shigo ta haraji, nawa fansho da asibiti suka cinye. Guy Orcutt, masanin tattalin arziki a Amurka, shi ya kawo dabarar a 1957, kuma Norway na lissafin fanshonta da irinta, mai suna MOSART.

Wani malami ya ce in sa "hasashe". Allah ya ƙara sani, Malam, amma hasashe ai sakamako ne, mu sunan hanyar muke nema. "Kintace" kuwa kamar mutum ya ci tuwo ya faɗi son ransa.

Wadda na fi tsoro ita ce "ƙaramin kwaikwayo", don ita ce za ta fara zuwa bakin mai fassara, tunda a Turanci "maikuro" ƙarami ne, "simuleshan" kuma kwaikwayo. Aikin ba ƙarami ba ne. Maikuro ɗin na nuni ne ga cewa mutum ɗaya-ɗaya ake bi. Kuma nan amfanin yake. A Jafan 'yan shekara 65 zuwa sama sun kai kusan kashi 29 cikin ɗari, amma wannan adadin ba zai gaya maka fanshon matar da ta ajiye aiki shekara goma tana reno ba. Lissafin jimla haɗiye ta yake yi.

Don haka na tsaya kan "kwaikwayon rayuwar ɗaiɗaiku". Na san wasu za su tuna da wasan kwaikwayo, to ai ba su yi nisa ba, mutanen cikin kwamfutar ma rawar wasu suke takawa.

Saura abu ɗaya. Akwai nau'in da ba ya tsufar da kowa, dokoki irin na haraji kawai yake sauyawa ya duba wa ya ci riba, wa ya yi asara a bana. Na sa masa "tsayayye", mai tsufarwar kuma "mai tafiya". Na biyun bai kwanta mini ba, wa ke da wadda ta fi ta?