Me ya sa sunan Fidler ba ya fita daga binciken yaɗuwar melanoma?

Ɗalibar Likitanci:
Assalamu alaikum. Ina haɗa aikin kammala karatu a kan yadda sankarar fata da ake kira melanoma take barin inda ta tsiro ta kama huhu ko ƙwaƙwalwa, kuma kusan duk maƙalar da na buɗe sai na ci karo da sunan Isaiah Fidler da wasu ƙwayoyin melanoma na ɓera masu laƙabin B16-F10. Ina roƙon malamai su fayyace mini abin da mutumin nan ya gano, da har yau, bayan shekara 50, ba a iya tsallake shi.

Malamin Nazarin Cututtuka:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fidler asalinsa likitan dabbobi ne, an haife shi a Ƙudus a 1936, ya yi aikinsa a Amurka, inda ya koma cibiyar sankara ta MD Anderson da ke Hustan a 1983, ya mutu a 2020. Kafin zuwansa, masana da yawa suna ɗaukar yaɗuwar sankara a matsayin dace kawai, wato duk ƙwayar da ta faɗa cikin jini tana iya kafa sabon ƙari. A 1970 ya yi wa ƙwayoyin melanoma alama ya ɗura wa ɓeraye, sai ya tarar da cewa waɗanda suka rayu har suka tsiro ba su kai ɗaya cikin 1,000 ba.

Daga nan sai ya nemi sanin abin da ya bambanta 'yan tsirarun da suka tsira. Yakan ɗura ƙwayoyin ta jijiyar wutsiyar ɓera, ya jira 'yan makonni, ya feɗe shi, ya tsince baƙaƙen ɗigo-ɗigon da suka fito a jikin huhu, ya raine su a ɗakin gwaji, sannan ya sake ɗura wa wani ɓeran. Zagaye na farko shi ne F1, na goma kuma F10, wanda ya fi na farko cika huhu da ƙari nesa ba kusa ba. Wannan ya fito a mujallar Nature New Biology a 1973. A 1977 shi da Margaret Kripke suka nuna cewa ƙwayoyin da ke da wannan baiwa tun farko suna cikin ƙarin, ba a hanya suka same ta ba. A ganina nan ne tasirinsa yake: ya mayar da abin da ake cewa ƙaddara ce zuwa tambayar da za a iya gwadawa, ya kuma bar wa na baya kayan gwajin.

Mai Bincike a Ɗakin Gwaji:
Malam ya yi bayani gamsasshe, sai dai kada ki manta da aikin 1980. Tun 1889 wani likitan fiɗa na Ingila, Stephen Paget, ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya ce ƙwayar sankara iri ce, ba ta tsirowa sai a ƙasar da ta karɓe ta. Maganar ta daɗe a jingine, har sai a 1980 da Ian Hart da Fidler suka dasa gutsuren huhu da na ƙoda a cinyar ɓera, melanoma ta tsiro a na huhun, ta ƙi na ƙodar, alhali jini ya kai ƙwayoyin duka wuraren biyu.

Likitar Fata:
Ƙanwata, ina girmama aikin nan ƙwarai, amma ki rubuta iyakarsa. Ɗura ƙwayoyi kai tsaye cikin jini yana tsallake matakin farko, wato yadda ƙwaya take ratsa fata ta shiga jijiya da kanta. Haka kuma B16 ba ta ɗauke da sauyin ƙwayar gado mai suna BRAF da aka bayyana a 2002, wanda ake samu a kusan rabin masu melanoma. Abin da ya fi damuna shi ne irin wadda muke gani a baƙar fata: yawanci a tafin ƙafa take fitowa ko ƙarƙashin farce, ba zafin rana ne ke kawo ta ba, kuma sau da yawa majiyyaci ba ya zuwa asibiti sai gyambon ya ƙi warkewa, kaluluwa ta riga ta fito masa a matsematsi. Ki ware babi guda ki tambaya ko sakamakon ɓeran ya shafi wannan majiyyacin.