Bizar zaman dogon lokaci a waje: ƴan Damagaram ku zo mu gaya wa juna gaskiya

Ɗan Zango: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa neman bizar zama a wata ƙasa, ta karatu ko ta aiki ko ta bin miji, ku zo ku faɗa muna yadda kuka yi. Ƙanena ya gama lisans a jami'ar André Salifou yana son ya tafi masta waje, kowa da abin da yake gaya mishi, wani ya ce sai da dillali wani ya ce sai kana da babba a Yamai, tsohuwarmu kuma har ta fara zancen saida filinta na gado. Ni na ce ba a saida komi sai mun ji daga bakin waɗanda suka je da ƙafarsu.

Ɗalibin Konya: Wa alaikumus salam yaya. Ka riƙe tsohuwa kar ta saida filin nan tukuna. Ni da bursin gwamnatin Turkiyya na zo, Türkiye Bursları, ana buɗe shi wajen 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, a intanet ake cikawa kuma ba a biyan ko dala, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗɗi ya sa sunanka ƙarya yake. Mai neman masta sai yana ƙasa da shekara 30, mai neman lisans ƙasa da 21. In ka ci su ke biyan makaranta da wurin kwana da inshorar lafiya da tikitin jirgi, shekarar farko kuma yarensu kawai za ka koya. Bizar kanta ba ta ba ni wahala ba tunda takardar bursin na hannu, a ambasad ɗinsu na Yamai na ajiye dosiye. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne biza shiga ƙasa kawai take ba ka, in ka iso sai ka nemi katin zama da suke ce wa ikamet, da shi ake zama, kuma sabunta shi ake yi kar ya mutu a hannunka.

Maman Biyu Sabon Gari: Ni kam abin da ya kusa kashe min tafiya suna ne, kuma wallahi rabin ƴan ƙasar nan muna da wannan matsalar ba mu sani ba. Maigidana yana waje yana aiki ya turo takardun in bi shi da yara. A takardar haihuwata sunan babana an rubuta shi wani iri, a takardar aure wani iri, a fasfo kuma an ƙara harafi ɗaya, mu a gida duk mutum ɗaya ne amma su can a wurinsu mutum uku ne, haka aka maido min da dosiye aka ce in je in gyara. Ga kuma maganar ranar haihuwa, ni ba a yi min takarda lokacin da aka haife ni ba sai daga baya aka yi jujma a kotu aka sa shekara kawai babu rana babu wata, fasfo kuma ya sa 1 ga Janairu, difloma ta sa wani abu daban. Kafin in gama bin kotu da mairi kaziye judisiyer ɗina, takardar shaidar ba ni da laifi a kotu, ya mutu, wata uku ne kawai ransa, sai da na sake wani. To ƙanena kafin ka je ko'ina ka shimfiɗa takardun yaron nan duka a tabarma, takardar haihuwa, nasiyonalite, bak, lisans, fasfo, ka bi su harafi harafi. Gyaran nan a Damagaram ake yinsa cikin sauƙi in akwai lokaci, in kuwa sai ranar randebu aka gano, kana Yamai kilomita wajen 900 daga gida, ka ga tashin hankali.

Ɗan Zango: Allah ya saka da alheri Hajiya, yanzun nan na kira shi na ce ya fito da su. Faransa fa, akwai wanda ya sani?

Injiniya Mirriya: Ni na tafi can kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin komi a Yamai ake yi, ka bi ta Campus France, ofishinsu mai kula da masu son karatu a Faransa, su yi maka intabiyu sannan ka nemi biza. Yanzu wannan hanyar ba kamar da ba ce, an rufe ambasad ɗinsu na Yamai tun farkon Janairun 2024. Wani ɗan ɗakinmu ya ɗauki dosiye ya tafi wata ƙasa ta makwabta, ya ci kuɗɗin mota da na masauki, aka ce mishi sai ya nuna shaidar cewa a ƙasar yake zaune, ya dawo hannu rabbana. Kar yaro ya hau mota sai ya rubuta musu sun amsa cewa za su karɓa. Sai maganar kuɗɗi, lokacinmu ana son ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 kowane wata, jikka 400 da ɗoriya ke nan, ka lissafa na shekara ka gani. Kuma suna duba yadda kuɗɗin suka shigo kwant ɗin, wanda ya ranto miliyoyi wurin Alhaji ya zuba saura kwana kaɗan randebu suna ganewa. In ka iso kuma sai ka tabbatar da bizar a intanet cikin wata uku, in ka yi sakaci ka zama marar takarda alhali da biza ka shigo.

Baban Kasuwar Dole: Ƴaƴana ku bar ni in ce wani abu kan Saudiyya don nan ne mutanenmu suka fi ƙonewa. Na yi shekaru can ina tuƙi. Da bizar aiki na shiga, aka yi min gwajin jini da hoton ƙirji tun daga nan, na isa kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, ya fitar min da iƙama, katin zamansu, cikin wata ukun farko kamar yadda dokarsu ta ce, ina yawo hankalina kwance. Amma na ga ƴan uwanmu, mata musamman, da dillali ya karɓe musu kuɗɗin awaki da na gado ya ce aiki ya samo musu, ashe bizar umra ce, ita kuwa ba a aiki da ita, tana ƙarewa ka zama abin farauta, ba asibiti ba haya da sunanka, ƴaƴan da ka haifa can ma ba takarda. Wasu kuma da ta aikin suka shiga amma ba su karanta kwantiragi ba, aka yi musu alkawarin albashi a baki suka tarar da wani, suka gudu daga gidan, kafil ya kai rahoton sun tsere, shi ke nan iƙama ta lalace. Na yi kuka da idona kan wata baiwar Allah ƴar wajen Magarya da ta shekara da shekaru ba ta iya zuwa gida ba har uwarta ta rasu. Kafin ka ba kowa ko dala ka ce ya nuna maka bizar ka kai wa mai karanta Larabci, ka ga wace iri ce, sunan wa ke kanta, wane aiki aka rubuta. Fasfonka kuma naka ne, dokarsu ma ta hana maigida riƙe shi.

Ƴar Birni a Fas: Allah ya jiƙanta Baba. Yaya Ɗan Zango ku duba Maroko ma, mu ƴan Nijar ba ma buƙatar biza mu shiga, kwana 90 ake ba mu, cikin kwanakin nan ne za ka kai dosiyen katin zama wurin ƴan sanda da takardar makaranta da ta haya da hotuna. Ni ta hanyar ANAB, hukumar bursi ta Nijar, na samu gurbin bursin AMCI, hukumar Maroko mai ba ɗaliban waje bursi, kuɗɗin ba su da yawa gaskiya sai gida suna ɗan turowa, amma bai kai a saida fili ba. Ya zo da kofe-kofen takardunsa da yawa duk an buga musu hatimi tun daga gida, nan kowane ofis sai ya ce ka kawo.

Ɗan Zango: Na gode ƙwarai ƴan uwa, Allah ya bar zumunci. Mun duba takardun, lallai sunan babanmu a bak ɗinsa ya bambanta da na takardar haihuwa, gobe da safe za mu fara da kotu. Tambaya ɗaya ta rage, fasfonsa tsohon ne mai tambarin CEDEAO saura wata takwas ya ƙare, ya nema da shi ko ya sake?

Ɗalibin Konya: Tsohon yana aiki har ranar da zai ƙare duk da an fito da na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, tun 29 ga Janairun 2025, amma wata takwas ya yi kaɗan ga mai neman bizar shekara, kuma katin zama ba ya wuce ran fasfo. Ya sake kawai yaya, amma sai bayan an gyara sunan, in ba haka ba kuskuren zai bi shi cikin sabon.