Neman jagora don bunƙasa ƙaramar sana'a

Kafin ka nemi jagora, ka riƙe littafin shige da ficen kuɗi na wata 3. In babu shi, duk shawararsa kintace ce. Zaɓi wanda ya riga ka a sana'ar, amma ba maƙwabcin shagonka ba. Ku zauna sau ɗaya a wata kan matsala ɗaya, misali bashin kwastomomi ko kayan da suka daɗe a kanta.

An fi yin tuntuɓe wajen haɗa shawara da roƙon jari. Da kuɗi ya shiga tsakani, kunya kan hana faɗin gaskiya. Batun rance ya jira rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da sana'o'i ta Najeriya, da asusun banki na sana'a da ba na cefane ba.