Gilashin leza da kalmar "jabu": muhawara a zauren masu gyaran lantarki na Birnin Kebbi

Aminu Jega: Assalamu alaikum. Na ciro diyod ɗin leza (ɗan abin da ke fitar da hasken leza) mai jan haske, mai tsawon zangon haske nanomita 650, daga tsohuwar na'urar kwafar DVD, na sayi gilashin roba don in miƙar da haskensa, amma da na haska bango sai na ga tabo dogo kamar ƙwayar shinkafa maimakon zagaye. Ni dai na ce gilasan da ake kawo mana kasuwa duk jabu ne.

Injiniya Sanusi: Wa alaikumus salam. Malam Aminu, hasken diyod tun daga tushe ba a zagaye yake fita ba, domin ta ɓangare ɗaya yakan bazu da digiri 20 zuwa 40, ta ɗayan kuwa bai cika wuce 10 ba. Gilashi guda zai miƙar da shi, amma siffarsa ba za ta sauya ba sai an ƙara firizim (gilashi mai kusurwa uku) biyu ko gilashi mai siffar silinda. Ka nemi gilashin asferik (wanda lanƙwasarsa ba irin ta ƙwallo ba ce) wanda lambarsa ta NA (ma'aunin faɗin hasken da gilashi ke iya kamawa) ta kai 0.5, don kada gefen hasken ya zube a banza, kuma ka sani idan tazarar tattarawarsa (nisan da ke tsakanin gilashin da inda yake tara haske) ta yi tsawo hasken zai fita da kauri, amma zai yi nisa bai buɗe ba.

Alhaji Garba: Kafin a shiga lissafi, Aminu ya janye kalmar jabu. Mu 'yan kasuwa ba mu ke ƙera kaya ba, kuma araha daban, jabu daban.

Aminu Jega: Ranka ya daɗe, abin da bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba, me za a kira shi?

Malama Hadiza: Jabu shi ne abin da aka yi wa tambarin ƙarya. Gilashin roba yana aiki lafiya a ƙananan leza na nuni, masu miliwat 5 zuwa ƙasa. Naka kuwa yana iya haura miliwat 100, saboda haka ka sanya tabarau na kariya kafin ka ci gaba da haska bango.

Bashir Argungu: Duk wanda ya ce ba jabu ba ne, ko dai yana da shago, ko bai taɓa riƙe ƙarfen soda ba. Injiniyoyin takarda sun cika yawa a zauren nan.

Injiniya Sanusi: Malam Bashir, wa kake nufi da injiniyan takarda? Ka faɗi suna.

Bashir Argungu: Ban kama suna ba, Injiniya, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Alhaji Garba: To ga shi an fara zagin masu ilmi, bayan an gama da mu.

Malam Usman, mai kula da zaure: Jama'a, a tsaya haka nan. Abin da na fahimta shi ne kowa ya amince kayan Alhaji ba jabu ba ne, kuma matasa suna gaggawar ɗora laifi a kan manya. An rufe wannan magana.

Aminu Jega: Malam Usman, ni ban amince da komai ba. Kuma Injiniya, tazarar milimita nawa zan nema, 4 ko 8?